Likkafanin Maiwada

Motar jam'iyya na tsakiyar wucewa ta ƙofar zauren Barau tela, lasifika na ta kururuwa a kanta, lokacin da ƙarar masaƙar Maiwada ta ɗauke. Barau bai lura nan take ba. Sai da motar ta sha kwana ta nufi hanyar Ajingi, ƙarar ta yi nisa, sannan ya ji unguwar ta yi wani shiru da bai saba ji ba. Ya ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki ya kasa kunne.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana ɗinki a wannan zaure na Toranke, kuma kullum daga hantsi zuwa la'asar, ban da Juma'a, ƙwas-ƙwas ɗin masaƙar tsohon na tsallako masa katanga. Yau ko azahar ba ta yi ba.

Ya ajiye tutar da yake ɗinkawa ya zagaya. Maiwada na zaune inda ya saba, ƙarƙashin rumfar kara da ke jikin katangar gidansa. Ƙafafunsa na kan matakan masaƙa, amma kansa ya kife a kan saƙar, ƙoshiyar zare kuma ta faɗi ƙasa.

"Baba! Baba Maiwada!"

Tsohon ya ɗago kai da ƙyar. "Ɗauke mini ƙoshiyar nan, Tela, kada zaren ya yi datti."

"Bar ta ƙoshiya. Me ya same ka?"

"Jiri ne. Ɗauke ta, na ce."

Barau ya ɗauke ta ya kaɗe, sannan ya ciccibi tsohon. Maiwada dogo ne, Barau kuwa iyakarsa kafaɗarsa, don haka ƙafafun suna jan ƙasa har suka shiga tsakar gida. Matarsa Hure ta ajiye mazarin da take kaɗi da shi, ta shimfiɗa tabarma ba tare da ta yi kururuwa ba. Ranar Litinin ce, cikin watan Yuli na 1979, damina ta zauna. An yi zaɓe biyu, Asabar bayan Asabar, saura uku.

Maiwada shi ne masaƙi na ƙarshe a Toranke. Tsofaffi sun ce da can masaƙa goma sha huɗu ne a jere a wannan layi. Yadin kanti ya kashe su ɗaya bayan ɗaya. Wasu masaƙan suka koma gona, wasu suka tafi birni gadi. Shi ya ƙi tashi. Amma ba wannan ne ke damun Barau ba. Abin da ke damunsa shi ne, tun shekarar babban fari, shekara shida ke nan, Maiwada bai ƙara kai ko ƙyalle kasuwar Gaya ba. Yana noma audugarsa a bayan gari, Hure da wasu tsofaffi uku suna kaɗa masa, shi kuma yana saƙa fari zalla, ƙwarya bayan ƙwarya, kowace faɗinta kamar tafin hannu. In ta taru ya naɗe ya shige da ita cikin gida. Ba a sake ganinta.

Barau mutum ne mai son sanin inda abu ya kwana. Da idon tela ya auna, ya ga abin da tsohon ya saƙa ya isa ya yi wa rabin unguwa sutura. Ya tambayi Hure, ta ce ya tambayi mai saƙar. Ya tambayi mai saƙar, ya ce, "Yana nan." Ya taɓa zaton wani dillali ke zuwa a ɓoye, har ya yi kwanaki yana lura da ƙofar gidan. Ba wanda ya fita da ɗauri.

Bayan la'asar Maiwada kan zo zauren Barau jin rediyo. Bai cika magana ba sai an gama labarai. A bara, ranar da aka ce gwamnati ta umurci kowa ya tsuke bakin aljihu, ya yi dariya har da tari.

"Na ga dalar gyaɗa a Kano da idona, Tela. In ka ɗaga kai za ka ga samanta, sai hularka ta faɗi. Mu muka noma ta. Yanzu man da matarka Barira ke yi maka miya da shi, daga ina yake?"

"Daga kanti."

"Kantin a gonarsa ya matse? Shinkafa a jirgi, alkama a jirgi, har kaji na ji an ce suna zuwa a daskare. An ce man fetur ke biya. To ranar da man ya yi arha, ko jirgin ya ƙi zuwa fa?"

"Yadi dai a Kaduna ake yin sa, Baba. Har a Kano ma."

"Da injin wa? In haƙorinsa ɗaya ya karye, Kawu maƙeri ne zai ƙera musu? Kai kanka, in allurar keken nan ta ƙare a kasuwa, tela ne kai ko ɗan kallo?"

Barau kan yi dariya, amma tun daga ranar ya sayi allura fakiti biyu ya ɓoye a gwangwani.

A kan siyasa kuwa, duk gari an san tarihin Maiwada, sai dai kowa da ɓangaren da yake tunawa. A 1964 ya je Gaya sayar da gwado ya tarar da taron 'yan adawa. Ya ɗaga hannu ya tambaya, in gyaɗa ta daina kuɗi me ƙasar za ta sayar. Aka ce ɗan leƙen asirin masu mulki ne, aka fasa masa kai da kujera. Da raunin ya warke sai masu mulki suka yi nasu taron, ya je ya yi tambayar nan dai. Aka ce ɗan adawa ne ya zo ta da fitina, ya yi wata shida a kurkuku. Tun daga nan bai sake karɓar katin kowa ba.

Yanzu soja na shirin miƙa mulki, jam'iyyu sun dawo da sababbin sunaye. Biyar ne a rediyo, amma a Toranke biyu ne: mutanen Alhaji Kabo da mutanen Malam Inuwa. Barau ke ɗinka wa duka biyun tutoci da huluna. Yana da akwati biyu a zaure don kada ƙyallayen su haɗu.

Ranar Talata Alhaji Kabo ya zo dubiya. Ɗan Toranke ne, yana da shagon yadi a Gaya, kuma sai da ya karkata kafin ya shiga ƙofar ɗakin. Barau na zaune a gefen tabarma.

"Baba, mota na waje. A kai ka asibiti Kano yanzu."

"A dawo da ni ranar Asabar in dangwala?"

Kabo ya yi dariya. "Kai dai ba ka canzawa. Baba, arzikin ƙasar nan ko somawa bai yi ba. In muka hau, kwalta za mu kawo har ƙofar gidan nan."

"Madalla. Me za ta fitar daga Toranke?"

"Wace?"

"Kwaltar. Ko shigo da kaya kaɗai za ta riƙa yi?"

Kabo ya ce ciwo ne ke sa Baba yawan tunani. Ya ajiye goro da sukari ya tashi. Maiwada ya bi shi da kallo daga hula har takalmi, kallon da Barau ya sha ganin yana yi wa mutane. Da labule ya sauka sai ya ce, "Hure, Kabo ya ƙara faɗi. Ki tuna mini in na tashi."

"Na gani," in ji Hure.

Barau ya dubi wannan ya dubi waccan. Ba wanda ya yi masa bayani.

Malam Inuwa ya zo washegari da safe a kan keke. Malamin firamare ne da ya ajiye alli ya shiga siyasa, siriri, muryarsa ta dishe saboda lacca. Ya durƙusa sosai.

"Baba, kai ne ubanmu a wannan gwagwarmaya. Wata shida ka yi a kurkuku saboda talaka. Ko jiya a Gafasa sai da na ambaci sunanka."

"Ka ambaci kujerar?"

"Wace kujera?"

Maiwada ya ture hularsa baya, tabon ya fito. "Iyayen gidanku ne suka riga wancan ɓangaren."

"Wancan zamani ne, Baba."

"To amsa mini a wannan. In abin da ake sayarwa ya ƙare, me za a sayar?"

"Ba ƙarewa ce matsalar ba, rabo ne. 'Yan tsiraru ke cinyewa su bar mu da kallo."

"Na yarda. Kun hau, kun raba daidai, kowa ya cinye nasa. Sai me?"

Malam Inuwa ya ce wannan doguwar magana ce, za su yi ta in Baba ya ji sauƙi. Maiwada ya ce to, Allah ya kai mu.

Da yamma likis, ruwa ya ɗauke, tsohon ya sa aka kira Barau. Numfashinsa ya gajarta, amma idonsa tar.

"Tela, ni ba ni da ɗa namiji, 'ya'yana mata kuma suna nesa. Kai zan ɗora wa. Mutanen nan biyu za su zo da yadi. Wanda duk aka naɗe ni da nasa, kafin in kwana biyu a ƙasa ya mai da ni ɗan jam'iyyarsa a lasifika, ni kuwa ba ni da bakin musu. Kada ka bari. Da saƙata za a naɗe ni. Audugar garin nan, zaren garin nan."

"Wannan ai mai sauƙi ne, Baba. Shekara shida kana tarawa."

Maiwada ya dubi matarsa. "In na samu kwana huɗu a kan masaƙa," ya ce, "mai sauƙi ne."

Barau ya yi alkawari. Bai fahimci maganar kwana huɗun ba, kuma ya ga ba lokacin tambaya ba ne.

Ranar Alhamis da hantsi Maiwada ya cika. Barau na wajen, shi ya rufe masa ido. Aka aika wa liman, matasa suka ɗauki magirbi da shebur suka nufi makabarta. Gabas ta fara yin baƙi.

"Inna, sai a fito da kayan," in ji Barau.

Hure ta ɗauko mabuɗi daga bakin zanenta ta kai shi wani ɗan ɗaki a bayan rumbu. Randuna ne manya guda bakwai a ciki, kowace a kan duwatsu, an zagaye gindinta da toka saboda gara, an rufe bakin da faifai. Ta buɗe ta farko. Ɗauri-ɗauri ne na farar saƙa, an shimfiɗa ganyen darbejiya tsakaninsu. Barau ya ɗauko na sama ya kwance. Zane uku ne, an riga an harhaɗa ƙwaryoyin da ɗinkin hannu. A kusurwar na waje an yi rubutun ajami da tawada. Ya matsa bakin ƙofa ya karanta: Kawu maƙeri.

Ya ɗauko na biyu: Hansai mai ƙuli. Na uku sunan liman ne.

"Inna, mene ne wannan?"

"Abin da ka shekara shida kana tambaya."

"Likkafanin mutanen unguwa?"

"Arba'in da ɗaya. Ya ce wata rana za a je kasuwa da kuɗi a hannu a rasa yadi. Ya ce yunwa in ta zo kowa zai san dabararsa, an taɓa cin ganye an rayu, amma bai yarda a naɗe mutanen layin nan da tabarma ba. Ya ce kada a buɗe sai ranar."

"To waɗanda suka rasu a tsakani fa?"

"Yadi bai yanke ba tukuna, ai. Sai ya yanke sunan ya rubuta wa wani mai tsawon mamacin."

Barau ya shiga buɗe randunan yana karantawa, kamar mai kiran suna a makaranta. Bai san lokacin da ya manta da sauri ba. Ga na Malam Inuwa, siriri. Ga na Alhaji Kabo, wanda aka ƙara wa ƙwarya biyu a gefe, sannan daga baya aka sake ƙara biyu. Farinsu ya bambanta. A randa ta shida ya tarar da na matarsa Barira, a ƙarƙashinsa kuma nasa. Ya warware zane ɗaya ya auna da kamu. Tsawonsa ne daidai, da rarar ɗauri a kai da ƙafa. Shi da ya shekara ashirin yana auna mutane da tef, an auna shi da ido ta kan katanga bai sani ba.

Ya gama randa ta bakwai ya miƙe.

"Ina nasa?"

"Yana kan masaƙa."

"Inna!"

"Na faɗa masa tun bara. Ya ce shi yana da lokaci, tunda shi ya iya saƙar."

Barau ya fita rumfar ya warware abin da ke naɗe a jikin masaƙar ya auna. Kamu talatin, da ƙyar. Likkafanin mutum mai tsawon Maiwada na bukatar ninkinsa biyar. Ya koma ciki.

"A ɗauki na wani dogo. Na liman zai yi."

"Ya riga ya ba su, ko da ba su sani ba. Ba na taɓa na kowa."

"Naki fa?"

"Jiya na ce masa haka. Ya ce in na yi bai yafe ba."

Kafin Barau ya amsa aka ji tsayuwar mota a waje. Ya fita ya tarar an cika ƙofar gida. Mutanen Alhaji Kabo sun shimfiɗa tabarmarsu a dama da ƙofa, na Malam Inuwa a hagu, waɗanda ba su da ɓangare suna tsakiya suna gyara zama. Liman na tsaye yana duban sama.

"Yauwa, ga tela," in ji Kabo. "Bandir guda na kawo, mai lamba ɗaya. Yanki abin da ya ishe ka, sauran a bar wa iyali."

"Mu ma mun kawo," in ji Malam Inuwa, ya ɗaga wani ƙunshi. "Ba bandir ba ne, amma talakawa suka haɗa da guminsu."

"A shagona aka saya, da safen nan," in ji Kabo. Aka yi dariya a dama, wani a hagu ya ce a ji tsoron Allah, gidan rasuwa ne.

"Ni fari nake nema, mai tsarki," in ji liman. "A yanki rabi nan, rabi can, a huta. An gama wanka. Barau, ɗauko almakashi."

Barau ya matso gaba. Bai taɓa yin magana a gaban mutane da yawa haka ba. "Allah ya gafarta Malam, ya bar wasiyya. Da saƙarsa za a naɗe shi."

"To fito da ita."

"Tana bukatar ɗan ɗinki."

Kabo ya dube shi a hankali. "Tela, tutocina nawa ne ma a zaurenka?"

"Suna nan, Alhaji. Kusa da na Malam."

"Da ma na ji an ce akwati biyu gare ka," in ji Malam Inuwa. "Yau sai mu ga wanda za ka buɗe."

"Ba ko ɗaya, Malam. Wasiyya ce."

Liman ya ɗaga hannu. "Wasiyya in ba ta saɓa wa shari'a ba, cika ta ake yi. Amma jinkirta gawa ma ba kyau, kuma kabari in ya sha ruwa sai an sake haƙa wani." Ya nuna gabas da sandarsa. "Hadarin can in ya iso kan tsamiyar makabarta, da abin da ke hannuna zan naɗe shi. Ka ji?"

Barau ya koma ɗakin randuna. Hure na zaune a bakin ƙofa.

"Na ji su," ta ce. "Mai abu yana iya bayar da abinsa. Na Kabo zai ishe shi har da saura. In ka gaya masa, ba zai hana ba."

Gaskiya ne. Kabo zai fara tsorata, ya ce mutuwa ake yi masa fata, sannan ya gane abin da ya faɗo masa a hannu, ya bayar da murna. Ranar Juma'a lasifika za ta zagaye Toranke da Gafasa da Ajingi tana cewa tsohon da ya ƙi kowa, a likkafanin Alhaji ya tafi. Na Malam Inuwa ma haka, sai dai a wata lasifikar. Na liman kuwa, in aka fita aka tambaye shi a gaban jama'a, cikin minti ɗaya kowa zai ji akwai randuna, Kabo da Malam Inuwa su taso.

Barau ya ɗauko nasa na kansa. Ya riƙe shi ɗan lokaci fiye da yadda ya kamata ga mai sauri. Saƙar ta yi ƙarfi, zaren ya matsu, ba kamar gwadon kasuwa ba. Ya yi mamakin kansa: abin da bai san da shi ba da safe, yanzu yana jin nauyin rabuwa da shi. Ya tuna gwangwanin allurarsa. Idan tsohon ya yi gaskiya, babu sauran mai saƙa wani.

"Ya yi masa gajere," in ji Hure.

"Da taƙi ɗaya da rabi. A kira mini Barira. Ki kawo zarenki, Inna, da allurarsa."

"Ba keke ba?"

"Zaren keke daga jirgi yake."

Ya je rumfar da almakashi ya datse saƙar daga jikin masaƙa. Zaren tsaye ya saki gaba ɗaya ya zube a ƙasa. Ya yanka kamu talatin ɗin gida tara, uku ga kowane zane, ya jera su a gicciye a wajen ƙafa. Shi da Barira suka zauna a tsakar gida, kowa ya kama baki ɗaya, Hure na zura musu zare. Rabon Barau da dogon ɗinkin hannu tun yana koyo. Allurar Maiwada mai kauri ce, ta huda masa yatsa sau biyu. Ya riƙa tsotsewa don kada jini ya taɓa farin.

Sau uku aka aiko daga waje. Na ukun liman ne da kansa, ya tsaya a bakin soro.

"Barau, iska ta juya."

"Saura layi biyu, Malam."

"Saura layi biyu tun ɗazu."

"Wancan na zane na biyu ne."

Liman ya leƙo ya ga abin da ake yi. Ya dubi tsohuwar saƙar da ta yi fari sol a randa, ya dubi sabuwar da ke da duhun zaren da bai sha wanki ba. "Wannan na wa aka yanka tun farko?"

"Na wani gajere ne, Malam. Ya bayar."

Liman bai ƙara tambaya ba. Ya koma, aka ji yana cewa jama'a su yi alwala.

Da suka cije zaren ƙarshe, iska ta riga ta fara kaɗa faifai a tsakar gida. Barau ya tuna da sunan da ke kusurwa. Ya nemi almakashi, ashe ya bar shi a rumfa. Ya ninke kusurwar ciki ya miƙa wa masu wanka.

Aka yi salla a ƙofar gida. Sahu bai san dama da hagu ba. Kabo ya samu kansa kafaɗa da kafaɗa da Malam Inuwa, ba wanda ya matsa. Aka ɗauki makara da sauri, ana karɓa-karɓa, har da ɗan gudu a ƙarshen hanya. Bandir ɗin da ƙunshin suna kan benci, ba wanda ya so a ga shi ya fara ɗauke nasa.

A bakin kabari mutane suka yi ta miƙa wuya. Yawancin matasan ba su taɓa ganin gawa cikin saƙar hannu ba.

"Ashe ga inda take zuwa," in ji Kawu maƙeri. "To sauran fa? Shekara shida ba zane uku ba ne."

"Yana nan," in ji Barau.

Ya durƙusa a wajen ƙafa, shi da wasu biyu suka karɓi gawar suka kwantar da ita a kan dama, fuska ga alƙibla. Likkafanin ya kai, har da rarar ɗauri. Ya sunkuya zai sassauta ɗaurin ƙafa, sai ya ga masu wankan sun juya zanen waje. Kusurwar da ya ninke ta buɗe a daidai ƙwauri, ɗan sama da layin ɗinkinsa, rubutun Maiwada na kallon sama: Barau tela.

Ya tsaya ya karanta shi sau biyu. Hannun tsohon mai kyau ne, harufan a tsaye, tawadar ba ta bazu ba.

"Tela, itace," in ji wani daga sama.

Ya miƙa hannu ya karɓa. Ya fara jerawa daga wajen kai, ɗaya a jikin ɗaya, farin na raguwa a ƙarƙashinsu. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo masa a bayan hannu lokacin da saura itace biyu a kai wajen rubutun. Ya gyara wa na farkon zama, ya miƙa hannu don na biyun.